LAR II ya narke bayan ɗaukewar kuran: in zubar ko in ci gaba da shi?

Sani_Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan aiki, don hankalina a tashe yake. Ina aikin tez a nan Maradi, ina duba ko ruwan ganyen sabara yana rage aikin NF-kB, furotin mai kunna kumburi a jiki, a ƙwayoyin HEK293, wato ƙwayoyin jikin mutum da ake renonsu a labo. Kit ɗin Dual-Luciferase na Promega nake amfani da shi, mai gwaji 100, wanda ake auna hasken enzayim biyu da shi, na maƙesu da na Renilla. Sati uku da suka wuce na juye bafar nan, wato ruwan haɗi, ta mililita 10 cikin kwalbar garin, na haɗa LAR II, sinadarin farko na kit ɗin mai ɗauke da lusiferin, gaba ɗaya, na bar shi cikin kwalbarsa a kwanjilatar ɗinmu na digiri -20. Daga lokacin sau huɗu na narkar da shi na mayar. Shekaranjiya kuran ya ɗauke tun bayan isha'i, gurup bai tashi ba, da safe na tarar da shi ya zama ruwa. Da sanyinsa, amma ruwa ne. Jiya na auna, hasken lusiferin ya faɗi kusan rabi in an kwatanta da satin farko, na Renilla kuwa yana nan yadda yake. Saura kamar mililita 5 a kwalbar, kuma wata huɗu muka yi muna jiran wannan kit kafin ya iso. Zubarwa zan yi, ko akwai yadda zan ci gaba da shi?

Hadiza_Tibiri:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita, Malam Sani. Kafin komai, kar ka zubar. Kunsa kwalbar cikin takardar alminiyom ka ajiye, a ji ta bakin manya tukuna.

Tsohon_Teknisiye:
Ɗana, matsalar ba daren shekaranjiya ta fara ba. Takardar da ke zuwa da kit ɗin ta faɗa a fili: LAR II in an haɗa shi, wata 1 yake yi a -20, shekara 1 a -70. Kai ka ci sati uku daga cikin watan, ka narkar sau huɗu, ɗaukewar kuran ta zama ta biyar. Kowace narkarwa tana cin wani abu daga ƙarfinsa. Abin da ake yi ranar da aka haɗa shi shi ne a rarraba shi nan take cikin ƙananan tub, mililita 1 kowane, wato gwaji 10 ke nan tun da kowane gwaji mikrolita 100 yake ci. Ranar aiki ka ɗauko tub ɗaya ko biyu, sauran ko taɓa su ba ka yi. Shekara da shekaru ina faɗa wa ɗalibai wannan, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na ga an bar yaro ya buɗe kit mai tsada babu wanda ya zauna da shi minti goma ya nuna masa. Wannan haƙƙi ne a wuyan manyan labo.

Sani_Bagalam:
Na gode Baba. Gaskiya ne, ban rarraba ba. Yanzu in na rarraba abin da ya saura, zai yi amfani?

Tsohon_Teknisiye:
Zai yi, don ya hana ƙarin lalacewa. Amma ka haɗa rarrabawar da ranar da za ka yi aiki, narkarwa ɗaya ta biya buƙata biyu. Ka narkar da shi cikin ruwa mai ɗumin ɗaki, kar ya wuce digiri 25, kar ka riƙe shi a tafin hannu, kar ka kai shi wankan ruwa na 37 da ake ɗumama abincin ƙwayoyi. In ya narke ka jujjuya kwalbar ya haɗu sosai, saboda daskarewa tana sa na ƙasa ya fi na sama kauri.

Usman_ABU:
Ni dai a ganina babu abin damuwa. Ai amfanin Renilla ke nan. Ka raba lambar farko da ta biyu, rabon zai gyara komai. Mu a Zariya haka muke yi.

Dr_Bakatsine:
Usman, a nan ka yi kuskure, kuma kuskure ne da ke ɓata sakamakon mutane da yawa, don haka bari in tsaya a kansa. Enzayim biyu ne, abincinsu daban. Na ƙwaron nan mai walƙiya da dare, wanda aka samo daga Photinus pyralis na Amurka, yana cin lusiferin tare da ATP, sinadarin makamashin ƙwayoyi, da maganiziyom da iskar oksijin, ya ba da haske kore mai ratsin rawaya wajen nanomita 560. Duk waɗannan a cikin LAR II suke, ban da iskar. Na Renilla reniformis kuwa, wata halitta ce ta teku, selanterazin yake ci, ba ya buƙatar ATP, haskensa shuɗi wajen nanomita 480, kuma abincinsa a cikin Stop & Glo yake, wato sinadari na biyu na kit ɗin, mai kashe hasken farko ya kunna na Renilla. To in LAR II ya yi rauni, lamba ta sama ce kaɗai take faɗuwa, ta ƙasa tana nan. Rabon ma faɗuwa zai yi. Abin da Renilla ke gyarawa shi ne bambancin yawan ƙwayoyi da bambancin shigar filasmid, wato zoben DNA mai sa ƙwayoyin su yi enzayim ɗin, tsakanin rami da rami a farantin ƙwayoyi. Ba ya gyara ruɓaɓɓen sinadari.

Amma ga inda Sani yake da sauran fata. In duk samfuran gwaji ɗaya, har da na kwatance wanda ba a zuba wa ganye ba, an auna su rana ɗaya da tub ɗaya, raunin ya shafe su duka daidai wa daida. Sai ka raba rabon kowane samfur da rabon na kwatance, ka samu ninki nawa ya hau ko ya sauka. Wannan ninkin yana iya tsayawa daidai ko da hasken ya ragu, muddin hasken yana nesa da na bango, wato wanda inji ke gani ko babu enzayim. Abin da ba za ka yi ba shi ne ɗauko ɗanyen rabon satin farko ka ajiye kusa da na jiya a jadawali ɗaya.

Usman_ABU:
Na karɓi gyara, Dokta. Na haɗa abu biyu ne wuri ɗaya.

Zara_Damagaram:
Dokta, ƙwaron da ka ce, ai maƙesu ke nan ko? Muna yara da damina muna bin su bakin tabki. Ban taɓa kawo wa raina cewa irin abin da ke cikinsu ne muke saye da tsada haka ba.

Dr_Bakatsine:
Shi ne, ƴar'uwa, danginsu ɗaya. A 1985 aka fara ciro kwafin ƙwayar gadon enzayim ɗinsa a labon Marlene DeLuca da ke San Diyego, daga nan aka samu damar saka shi cikin ƙwayoyin dabba da na tsiro. Ni a aji da maƙesu nake fara darasin, ɗalibai sun fi saurin kamawa.

Mai_Pipet:
Ina so in tambayi Sani abu ɗaya da ba wanda ya tambaya. Da ƙarfe nawa ka auna jiya, kuma kilim yana aiki a ɗakin? Don watan Afrilu muke, Maradi da rana tana wuce digiri 40. Enzayim ɗin maƙesu ba ya son zafi ko kaɗan, tsakanin 20 da 25 yake aikinsa yadda ya kamata, in aka haura 30 sai ya fara mutuwa, kuma launin haskensa yana karkata zuwa ja. Ni abin ya taɓa samuna. Na auna samfur ɗaya da hantsi, na sake auna shi bayan azahar da sinadari ɗaya, lambobin suka yi nisa da juna har na zaci luminomita, na'urar auna hasken, ce ta lalace. Ɗakin ne ya yi zafi. Tun daga ranar, lokacin bazara bayan sallar asuba nake aunawa, in gama kafin ƙarfe 9. Mai yiwuwa rabin da ka rasa ba duka laifin narkewa ba ne.

Sani_Bagalam:
Wajen ƙarfe 3 na rana na auna, kilim kuma bai aiki tun ranar da kuran ya ɗauke. Satin farko kuwa da safe ne, kilim yana aiki. Ban yi tunanin wannan ba sam.

Mai_Pipet:
To ka gani. Sake aunawa da asuba kafin ka yanke hukunci. Kuma akasin haka ma yana faruwa: wanda ya ɗauko LAR II da sanyinsa ya fara aunawa, tub na farko haskensu ƙasa, na ƙarshe sama, saboda sinadarin yana ɗumama a hanya. Ka bar shi ya daidaita da ɗakin tukuna.

Ummu_Kano:
Wane irin firiza ne naku? In irin na gida ne wanda ba ya tara ƙanƙara, to shi da kansa yake ɗumama cikinsa lokaci zuwa lokaci don ya narkar da ƙanƙarar, kuma ƙananan tub suna jin wannan hawa da saukar. Irin mai murfi a sama, wanda masu sayar da ƙanƙara ke amfani da shi, ya fi dacewa da mu. In an buɗe shi sanyi ba ya zubowa waje kamar na tsaye, kuma in wuta ta ɗauke yana riƙe sanyi ya daɗe. Mu mun cika gindin namu da gorunan ruwa daskararru, sinadaran kuma suna cikin akwatin soso a tsakiya. In wuta ta tafi dokar ita ce ba mai buɗewa, ko don dubawa.

Laouali_Tasawa:
Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai in ƙara abu guda. Goran ruwan zalla a sifili yake narkewa, wato zai riƙe maka akwatin a sifili, alhali LAR II da gishirin da ke cikinsa ya riga ya zama ruwa kafin nan. Zuba gishiri cikin ruwan gorunan ya fi, don ƙanƙarar ruwan gishiri ƙasa da sifili take narkewa. Amma kar a cika hannu. In gishirin ya kai wajen kashi 23 cikin 100 sai a -21 yake daskarewa, kwanjilatar na -20 ba zai daskarar da shi ba. Ni nakan tsaya wajen kashi 10 zuwa 15.

Hadiza_Tibiri:
Mu dabarar da muke yi don sanin ko an narke da dare: kofin ruwa daskararre, a ɗora dala a kai. In da safe dalar ta nutse, an narke.

Laouali_Tasawa:
Dabarar tana da kyau ga nama da kifi, amma matsalar ɗaya ce da ta gorunan. Kwanjilatar na iya hawa har kusa da sifili, sinadarinka ya narke ya sake daskarewa, dala tana zaune a sama ba ta motsa ba. Gara ka ɗebi ragowar bafa mai gishiri cikin tub, ka daskarar da shi a tsaye, sannan ka kifa shi. Ranar da ka ga ƙanƙarar ta koma wajen murfi ka san abin da ya faru. Wanda ke da hali ya sayi ma'aunin zafi mai riƙe mafi ƙaranci da mafi yawa, ba shi da tsada in an kwatanta da kit ɗaya.

Abdul_Solar:
Me ya sa labo ba sa neman irin firigon allurar rigakafi mai aiki da rana? Ga su nan a asibitocin karkara suna aiki ba dare ba rana.

Ummu_Kano:
Waɗancan yawanci tsakanin 2 da 8 aka yi su su tsaya, don yawancin alluran ba a son su daskare. Ba za su maye gurbin -20 ba, balle -70. Abin da ya dace shi ne firiza mai murfin sama a haɗa shi da fanel da batir nasa shi kaɗai, kar a jona masa komai.

Tsohon_Teknisiye:
Mun yi nisa da tambayar yaron. Sani, Stop & Glo fa, yaya ka yi da shi?

Sani_Bagalam:
Shi ban haɗa duka ba, Baba. Kowace rana nakan ɗebi abin da nake buƙata, kashi 1 na sinadarin cikin kashi 50 na bafa.

Tsohon_Teknisiye:
Madalla, shi ya sa Renilla ɗinka bai motsa ba. Ci gaba da haka. In ya yi saura za ka iya ajiye shi kwana 15 a -20, amma sabo ya fi. Ka kula da murfin ƙaramar kwalbar nan, ruwan da aka narkar da selanterazin a ciki mai saurin tashi ne, a zafin garin nan in ka bar ta a buɗe minti kaɗan ya ragu. Kuma haske da iska suna cinye selanterazin. Bafarsa wani lokaci takan yi gudaji bayan daskarewa, ita wannan ana iya ɗumama ta a girgiza har ya narke, a bar ta ta huce. Kar ka ɗauki wannan izinin ka kai kan LAR II.

Dr_Bakatsine:
Sani, ga gwajin da zai ba ka amsa da mililita ɗaya kacal. Ka nemi ruwan fasassun ƙwayoyi mai haske sosai, misali waɗanda ka tayar da TNF, furotin mai kunna NF-kB. Ka tsarma shi da PLB, ruwan kit ɗin da ake fasa ƙwayoyi da shi: ninki 10, ninki 100, ninki 1000. Ka auna kowane sau biyu, ka haɗa da ruwan ƙwayoyin da ba a saka wa filasmid ba don ka san hasken bango. In lambar tana sauka ninki goma a kowane mataki, kuma samfurinka mafi rauni ya fi bango nesa ba kusa ba, sinadarin yana aiki. In kana da ragowar ruwan ƙwayoyi na satin farko a daskare, shi ne shaida mafi kyau, don ka riga ka san lambarsa.

Sai wani abu da ya fi narkewar damuna, tun da ka ce ganyen sabara kake gwadawa. Akwai sinadaran tsiro da ke danne enzayim ɗin maƙesu kai tsaye. Sananne a cikinsu shi ne resberatorol, wanda ke cikin inabi, har gujiyarmu tana da shi. Mutum sai ya ga haske ya faɗi ya rubuta cewa ganyensa ya kashe NF-kB, alhali fitilar kawai ya dusashe. Sabara tana da tanin, shi kuma tanin kama furotin yake yi. Ruwan ganye mai launi ma yana shanye wani ɓangare na hasken. Don haka ka wanke ƙwayoyin da PBS, ruwan gishirin wanke ƙwayoyi, kafin ka fasa su, sannan ka yi gwajin kariya: ɗiga ruwan sabarar kai tsaye cikin ruwan ƙwayoyin da ka riga ka fasa, ka auna nan take. A cikin tub babu wata ƙwayar gado da ke aiki. In haske ya faɗi a nan, enzayim ɗin ne aka danne. Na fi son ka kashe mililita ɗaya a kan wannan da ka je gaban alƙalan tez a tambaye ka ka rasa amsa.

Zara_Damagaram:
Wannan ya same ni da soborodo. Jan launinsa ya bi ni har cikin tub saboda ban wanke sosai ba. Kuma ka duba lambar Renilla ita kaɗai, Sani. In ta faɗi a ramukan da ka zuba ganye da yawa, wataƙila ƙwayoyin ne ke mutuwa, rabon kuma zai ɓoye maka hakan.

Usman_ABU:
Tambaya ta gefe: me ya sa ake cewa kar a girgiza tub da inji bayan an zuba samfur cikin LAR II, amma bayan Stop & Glo a girgiza?

Mai_Pipet:
Don girgizar farko tana watsa ruwan ya manne a bangon tub sama. In ka zuba Stop & Glo ba zai kai can ba, wannan ɗan ruwan zai ci gaba da haske, injin ya lissafa shi cikin na Renilla. Mikrolita 20 na samfur cikin 100 na LAR II, ka ja ka saki da pipet sau biyu ko uku, ka auna daƙiƙa 10 bayan jiran daƙiƙa 2. Sannan 100 na Stop & Glo. Masu aiki da faranti mai rami 96 kuma su yi amfani da fari wanda haske ba ya ratsawa, kar su sa samfur mai haske sosai kusa da ramin bango.

Bagobiri_77:
Ni shawarata dabam. Ka daina ajiye LAR II a wurin da ba -70. Ka tara ruwan ƙwayoyinka a daskare, yana yin wata 1 a -20, in sun taru ka ɗauka ka tafi Yamai ko Kano inda kake da abokin aiki mai injin -80, ka haɗa sabon kit ka auna duka cikin kwana biyu.

Hadiza_Tibiri:
Yaya, Yamai fa ta fi kilomita 600, yini guda ne a kar, ta Madawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, a wannan zafin. Galasiya da ƙanƙarar ruwa ba za ta riƙe su a daskare ba. Sai da busasshiyar ƙanƙara mai -78, ita kuma a Maradi ina zai same ta?

Bagobiri_77:
Ba dole su isa a daskare ba. Cikin PLB enzayim ɗin biyu suna jure sa'o'i a kan ƙanƙara, takardar kit ta ce har awa 16. Ya tashi da kar ɗin asuba, ya auna a daren.

Hadiza_Tibiri:
In motar ta lalace a hanya fa? Aikin wata guda ne a cikin galasiyar. Ni ba zan iya ba.

Ummu_Kano:
Ga wanda zai yi oda nan gaba: akwai kunshi mai ƙananan kit 10, kowane gwaji 100, akwai kuma mai babbar kwalba ɗaya. Mu nan ƙananan ne namu, don garin da ba a haɗa ba ya fi jure wahala fiye da wanda aka haɗa. Kuma ranar da kaya suka iso a buɗe a gaban wanda ya kawo, a duba ko da sauran sanyi, a ɗauki hoto. Namu ya taɓa kwana biyar wajen shigo da kaya, ya iso akwatin da ɗumi, muka sa hannu ba mu duba ba, daga baya ba mu da abin nunawa.

Laouali_Tasawa:
Wasu suna rage yawan sinadarin zuwa mikrolita 50 da samfur 10 don kit ya ninka. Na gwada ya yi mini, amma da lafiyayyen LAR II. Da wanda ya riga ya yi rauni ban ba da shawara ba.

Sani_Bagalam:
Na dawo da labari. Yau bayan asuba na narkar cikin ruwan randa da na auna zafinsa, 24 ne. Na rarraba tub huɗu na mayar, na yi gwajin Dokta da na biyar. Tsarmin yana sauka daidai a ninki 10 da ninki 100, a ninki 1000 ya kusa bango. Ina da tub ɗaya na ruwan ƙwayoyin satin farko, haskensa ya fi na ranar da na auna da rana, amma bai kai lambarsa ta asali ba. Sai dai shi ma ya narke a daren nan tare da sauran kaya, don kwanjilatar ɗaya ne. Gwajin sabara cikin tub ban yi ba tukuna.

Mai_Pipet:
To zafin ɗaki yana da nasa kason ke nan. Ni a wurina ka ci gaba.

Tsohon_Teknisiye:
Ka ci gaba da shi don gwaje-gwajen share fage, ka gano yawan ganyen da ƙwayoyin ke jurewa. Lambobin da za su shiga tez kuwa ni na fi son su fito daga sabon kit. Watan da takarda ta ba ka ma saura kwana kaɗan ya cika.

Dr_Bakatsine:
Baba, da girmamawa, ban ga dalilin jefar da sakamako ba in tsarmin ya nuna layi miƙaƙƙe kuma kowane gwaji yana da na kwatancensa. Abin da nake jira shi ne gwajin sabarar cikin tub. Sani, samfuranka mafi rauni, waɗanda ka zuba wa ganye mafi yawa, a ina suke faɗawa, kusa da tsarmin ninki 100 ko na 1000?

Sani_Bagalam:
Tsakaninsu suke, Dokta, sun ɗan fi kusa da na 100. Gobe da asuba in Allah ya kai mu zan narkar da tub ɗaya in yi na sabarar. Malam Laouali, gishirin gorunan, na kanti kake sawa ko na kasuwa ma ya yi?